Kwanar Inna Delu

Amina, ke kika fi kowa tambayata dalilin da ya sa nake zagayawa ta Ƙofar Galadima duk lokacin da zan fita da mota, alhali ga hanyar Ƙofar Doka nan kusa. Amsoshin da na ba ki sun kai uku, idan ban manta ba. Na ce ramuka, na ce cunkoson 'yan acaɓa, akwai ma ranar da na ce ina son ganin ganuwa ta wancan ɓangaren. Babu wadda take ƙarya zalla a cikinsu, amma babu wadda take ita ce dalilin. Kai kuma Mukhtar, na taɓa jin ka a zaure kana ba abokanka labarin mayyar da ta kama motar babanku, kuna ta dariya, na wuce abina. Don ku biyu da ƙannenku na rubuta wannan babi. Ina roƙon ku kai ƙarshensa kafin ku yanke wa kowa hukunci.

Shekarar da na sayi motata ta farko, na yi kusan shekara goma ina aiki bayan gama jami'a, kullum a kan babur. Kun san halina, ba na taka wuri sai na taɓa shi da sanda. Wata shida na yi ina tambayar mutane kafin na saya, kuma da na saya sai da na karanta littafinta sau biyu, ina ja wa wasu layuka layi da jan biro. Ta hannu ce, ruwan toka, kuma otomatik, wato ba ta da kuloci, ita take sauya wa kanta giya. A lokacin irinta ba su da yawa a Limancin Kona, don haka ranar da na shigo da ita lungunmu har mata sai da suka leƙo ta kan katanga.

Kakanku, Malam, yana da rai a lokacin, amma yanar ido ta riga ta rufe masa idanu, sai dai ya bambance haske da duhu. Karantarwa ta gagare shi, abin da ya rage masa shi ne rubutun sha. Hannunsa ya san allo ba sai da ido ba. Mata masu naƙuda, yara masu firgita, ɗalibai masu shirin jarrabawa, duk ana aiko masa, ya rubuta, ya wanke, ya zuba a kwalba. Ina jin wannan aikin ne ya riƙe shi a duniya bayan rasuwar kakarku. Da ya ji motar ta iso, ya ce a kai shi ya gan ta. Ganinsa kuwa da hannu ne. Na riƙe masa hannu muka zagaye ta, na zaunar da shi a kujerar direba, na nuna masa ɗan ƙarfen da ake ja a ƙarƙashin sitiyari bonet ya buɗe. Muka koma gaba.

"Ina take shan ruwa?" ya tambaye ni.

Na ɗora hannunsa a kan murfin lagireto. Ya gwada murɗawa, ya ƙi, don sai an danna da ƙarfi kafin a juya, yatsunsa kuwa sun yi rauni.

"Wannan ba na tsofaffi ba ne," ya ce yana murmushi. "Wannan zoben fa?"

"Sandar awon man giya ce, Baba. Ja ka ji, ba ta da wuya. Ta wannan bututun ake zuba mata mai. Ai irin wannan mota, duk ranta a nan yake."

Ya zare sandar, ya shafa bakin bututun da ɗan yatsa, ya mayar. Ya yi addu'a mai tsawo, ya rufe da cewa Allah Ya tsare ni da bakin mutane. Na ce amin. Ku riƙe wannan a ranku, ni ne na sa yatsansa a cikin zoben nan, kuma ni na ce masa nan ne ranta.

A bakin lungunmu ta ɓangaren Ƙofar Doka, daidai inda ya haɗu da kwalta, akwai wata tsohuwa mai suyar waina, Inna Delu. Daga wani ƙauye ta zo da mijinta, leburan gini, ya rasu, ita kuma ta ci gaba da zama a ɗakin haya tana suya. Hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja, kuma tana da ɗabi'ar yi wa tandarta magana, tana mata faɗa idan waina ta kama. Tun ina sakandare nake cin wainarta, kuma ba ta taɓa sallamata ba tare da ta jefa mini guda ɗaya gyara ba. Safiyar farko da na fito da motar, na tsaya gaishe ta kamar yadda na saba. Ta taso da sauri.

"Ɗan Malam, ashe da gaske ne! Wai ita ce mai tuƙa kanta?"

"Giya kawai take sauyawa, Inna."

"Ba ka ce mata komai ba, ita ta ga dama ta sauya?" Ta dafa bonet da hannunta mai maiƙo, ta yi dariya. "To ranar da ta ƙi fa, wa zai lallashe ta?"

Maza huɗu ko biyar ne ke zaune a benci suna cin waina, duk sun ji. Daga baya aka ce ba ta ce tubarkalla ba. Na sha juya wannan safiya a raina, ban tabbata ba. Mai yiwuwa ta faɗa ƙarar inji ta hana a ji.

Bayan kamar mako uku abin ya fara. Lungunmu kun san shi, ƙunci ne, sai a hankali ake bi kada madubi ya goge katanga. Ina isa kwanar Inna Delu na hau kwalta na taka totur, sai inji ya ɗaga murya, allurar da ke gabana ta haura, amma motar ba ta ƙara sauri ba. Kamar wani ya riƙe ta ta baya. Na ja numfashi ɗaya, biyu, sai na ji gum, ta fizga gaba. Daga nan har ofis lafiya lau. Da yamma ina dawowa, ina rage gudu zan shiga lungun, sai wani gum ɗin, daidai gaban tandar. Washegari haka, jibi haka. Akwai kuma wani abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. An wanke motar ya fi sau biyar, amma damina ce, kuma duk safiyar da raɓa ta kwanta a bonet sai shatin yatsu biyar ya fito sarai a inda ta dafa. Na san maiƙo ba ya barin raɓa ta zauna, na karanta wannan a makaranta. Sanin bai hana ni tsarguwa ba.

Na bi abin da littafi ya ce. Na bar inji ya yi zafi, na tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, na zare sandar awo, na goge, na mayar, na sake zarewa. Abin da littafin ya yi gargaɗi a kai shi ne ƙarancin mai, don mai idan ya yi ƙasa giya takan yi jinkirin shiga. Nawa bai yi ƙasa ba. Ya ɗan haura layin sama. Na ce wataƙila haka aka sayar mini da ita. Bayan mako na sake aunawa, ya ƙara haurawa. Na yi wa sandar alama da farce, na dawo bayan kwana biyar, ya wuce alamar. Motar da mai ke raguwa kowa ya san maganinta, ana neman inda yake zuba. Amma motar da man cikinta ke ƙaruwa da kansa, ban ga shafin da ya yi maganarta ba.

Bakaniken farko ya ce mai ne ya tsufa. Ya juye shi cikin wani baƙin baho ba tare da ya duba ba, ya sauya matatar mai, ya zuba sabo. Ta yi kwana huɗu garau, ran na biyar ta koma. Na biyun ya jona mata na'ura, ya ce ɗan abin lantarkin da ke buɗe wa mai hanya a cikin giya ne ya mutu, aka sauya. Da ba ta daina ba ya ce to na'urar da ke gaya mata saurin taya ce, ita ma aka sauya. Kowa ya taɓa sai ta ɗan lafa, sannan ta dawo fiye da da. A gida kuma mahaifiyarku ta fara lura da abubuwa. Ta ce sau biyu tana ganin bonet bai rufu sosai ba da safe, kuma akwai ɗigon ruwa a ƙasa ta gaban motar ko ranar da ba a yi ruwan sama ba.

"Malam, wani na zuwa wurin motar nan," ta ce mini.

"Ni ne dai ban rufe da kyau ba, ina jin."

"Kai? Kai da kake komawa sau uku ka duba ƙofar da ka kulle da hannunka?"

Maganar ta riga ta fita unguwa. Masu zaman benci suka tuna abin da Inna Delu ta faɗa, aka tuna jan idonta, aka tuna tana magana ita kaɗai, aka tuna ba a san asalinta sosai ba. Bencin ya fara zama fayau. Da labarin rashin lafiyar motar ya kai kunnen kakanku, cewa kawai ya yi zai ƙara mata addu'a, na yi masa godiya. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na daina tsayawa gaishe ta. Ina zuwa kwanar sai in ɗaga gilashi in dubi gabana.

Wata safiya motar ta ƙi gaba ɗaya. Ta tsaya cak a gaban tandar, inji na kuka, taya ba ta motsi. Na mayar da giya wurin tsayawa, na sake sa ta a ta tafiya, shiru. Mutane suka tsaya daga nesa, babu wanda ya matso. Na duba madubi sai na ga Inna Delu ta ajiye cokalin suya, ta gyara ɗaurin zaninta, ta zagayo baya ita kaɗai za ta tura ni. Tana ɗora hannuwanta biyu, kafin ma ta yunƙura, giya ta shiga da wata ƙara, motar ta yi tsalle gaba. Na ji wata mata ta yi salati da ƙarfi. A madubi na ga tsohuwar tsaye a tsakiyar titi, hannuwanta a miƙe, tana kallon mutanen da ke kallonta. Ban tsaya ba.

Ranar Alhamis ɗin makon wani abokin aikina ya kai ni wurin Garba, wani Bakano da ke da gareji a bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Doka, wanda ba ya aikin komai sai giya. Na zayyana masa komai, har da takardar da nake rubuta awon mai. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya dube ni.

"Kai, Zage-zagi! Mota na ciwo kuna rubuta mata wasiƙa. Ɗan boko, buɗe mini bonet."

Bai taɓa na'ura ba. Ya zare sandar, ya ɗiga man a bayan takardata, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya sansana. Man giya mai lafiya ja ne garau, ana ganin haske ta cikinsa. Wannan ya yi fari-fari, kamar an zuba nono a zoɓo.

"Ba mai ne ke ƙaruwa ba," ya ce. "Ruwa ne. Ka shiga kogi da ita?"

"Ko kududdufi ba na shiga."

"Na yarda, da ganinka."

Ya bayyana mini cewa bututun man giya yana ratsawa ta cikin lagireto don ya huce, idan ya fashe a ciki ruwa da mai sukan haɗu. Ya jira inji ya yi sanyi, ya buɗe lagireton. Ruwan cike yake, tsaf, babu ɗigon mai. Ya hura wa bututun iska ya toshe, bai yi yoyo ba. Nan na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance kaskon da ke ƙasan giya, ya fito da shi a hankali ya ajiye a gabana. Akwai wani abu kamar dusa yana yawo a cikin man. Ya ce fatar faifan da ke kama giya ce, da gam aka manna ta, ruwa kuwa yana narkar da gam ɗin, shi ya sa take zamewa. A can ƙasa kuma akwai wani baƙin abu mai danƙo. Ya kanga masa maganaɗisu, bai kama ba, ya ce to ba garin ƙarfe ba ne. Ya murza a yatsa, ya sansana. Sai ya tsinci tsinke, ya dangwala, ya rubuta harafin ba a jikin wani kwali, har da ɗigonsa a ƙasa.

"Na yi makarantar allo kafin in riƙe sifana," ya ce a hankali. "Wannan tawada ce, ga ƙaro nan yana kama yatsa. Malam Lawal, wa ke shayar da motarka rubutu?"

Na ce ban sani ba. Ina jin a lokacin na riga na sani. Don in kauce, na tambaye shi me ya sa to kullum a wuri ɗaya take yi, a kwanar wata mai waina.

"Daga gidanka zuwa kwanar, gudu kake yi?"

"A'a, lungu ne."

"To a giya ta ɗaya kake tafe. Ina ne farkon inda take neman ta biyu? Da yamma kuma ina take saukowa? Ko liman ne ke zaune a kwanar nan, a gabansa za ta yi."

Ya zuba mini sabon mai in lallaɓa zuwa gida, ya ce in kawo ta Litinin, kafin nan ya samo faifan.

Na saba idan mun dawo sallar asuba in shige ciki in ɗan kishingiɗa, kakanku kuma ya zauna a zaure yana lazimi har rana ta fito. Makullin mota a jikin ƙusa yake a zauren. Safiyar Juma'ar nan na shiga, na dawo da sanɗa na tsaya a bakin ƙofar ciki. Gari ya fara haske. Na ga ya miƙe, ya bi bango da hannu har ƙusar, ya ɗauki makulli, ya ɗauki wata 'yar buta da ke bayan allunansa. Ya fita, ya buɗe motar, ya ja ƙarfen, ya zagayo gaba yana shafa ta kamar mai lallashin doki. Ɗan yatsansa ya shiga zoben ba tare da lalube ba. Ya zare sandar, ya saita bakin butar, ya zuba a hankali, leɓɓansa na motsi. Ban san na yi motsi ba, amma ya ɗaga kai.

"Lawal ne?"

"Ni ne, Baba."

"Na yau nake ba ta. Tun ranar da ta zo ban fasa ba, da ta fara ciwo kuma na ninka mata. Ban so ka sani ba, kada ka ce na wahalar da kaina." Ya mayar da sandar, ya goge hannu a rigarsa. "Yaya jikin nata?"

Na dubi fuskarsa. Ban taɓa ganin ta da natsuwa irin ta wannan safiya ba tun rasuwar kakarku.

"Da sauƙi, Baba," na ce.

Ba zan ɓoye muku lissafin da na yi ba. Na ce idan maganar ta fita, za a ce rubutun Malam ya kashe mota, 'yan shayi su mai da shi abin dariya, masu aiko da kwalabe su daina. Na ce shi kansa idan ya ji cewa da hannunsa ya yi, kuma saboda shi ake zargin baiwar Allah, ba zai ɗauka ba. Sai na nemi hanya ta tsakiya, irin wadda na saba nema duk rayuwata. Bayan sallar Juma'a na tsaya wurin mutanen unguwa na ce musu an gano matsalar, ruwa ne ya shiga giya, ba wani abu ba.

"Ta ina ya shiga?" wani ya tambaya. "Lagireto ne ya fashe?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau."

"To wa ya zuba?"

"Ba a dai tabbatar ba tukuna."

Na ga sun dubi juna. Kafin magariba labari ya zagaye unguwa cewa kanikawa sun sami ruwa a cikin ƙarfen da yake rufe ruf, babu ta inda ya shiga. Na je in kashe wuta, na zuba mata kananzir.

Ranar Lahadi jaririn wani maƙwabcinmu ya kamu da zazzaɓi har yana shiɗewa. Uwar ta ce ranar Juma'a ta wuce ta kwanar da shi a goye. Da hantsi na ji hayaniya, na fita. An shimfiɗa yaron a tabarma a gaban tandar, mata sun kewaye Inna Delu suna cewa sai ta tsallake shi ta sakar masa kurwa, samari na tsaye a baya, wasu da duwatsu a hannu. Ba ta kuka. Tana ta duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kaina.

"Ɗan Malam," ta ce, "kai ka yi karatu. Motarka ce. Ka faɗa musu."

Kowa ya juyo. Maganar tana bakina, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba.

"Inna, ana kan bincike," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tattare zaninta ta tsallake yaron sau uku, ta koma ta zauna a gaban tandarta, wainar da ke ciki ta ƙone ƙurmus. Da yamma aka kai yaron asibiti, aka yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro, ya warke. Mutane suka ce tsallakawar ce.

Da kakanku ya ji, ransa ya ɓaci yadda ban taɓa gani ba. Ya ce a gidansa ba a kiran kowa maye, wanda ya kira kuwa ya shirya amsa a gaban Allah. Sannan ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Lawal, idan kanikawan nan sun gano abin da zai wanke matar nan, ka faɗa. Ko a kan wa zai faɗa."

"Ba su gama ba, Baba."

Litinin na kai motar. Laraba Inna Delu ta ɗora tandarta da tabarmarta a bayan wata a-kori-kura ta koma ƙauyensu. Juma'a Garba ya dawo mini da motar, ya wanke cikin giyar, ya sa sababbin faifai, tana sauyawa kamar ana zuba mai a tafin hannu. Na shigo ta kwanar ba ta ko tari ba, mutane na ɗaga mini hannu suna cewa ka gani ko, tana tafiya ta sake ta. Na mayar da makulli aljihuna. Na ce wa kakanku bakanike ya ce a riƙa yayyafa mata rubutun a taya. Ya ce, "A taya?" Na ce e. Bai ƙara tambaya ba, kuma haka ya riƙa yi har ya rasu bayan shekara uku. Ko ya gane, ban sani ba. Wani lokaci ina ganin ya gane ya bar mini ne in faɗa da kaina, wani lokaci ina ganin ina ɗora masa ne don in rage wa kaina.

Bayan rasuwarsa ba ni da sauran uzuri, sai na ƙirƙiro wani, na ce ba a tona asirin mamaci. Sai da shekaru suka ja na nemi ƙauyen na je. Na tarar Inna Delu ta rasu. Sunan mayya ya riga ta isa can. 'Yarta Hajara tana zaune a gidan ƙarshe na bakin gari, ba a sayen abincinta, ba a aiko mata da biki, 'ya'yanta kuma jikokin mayya ake ce musu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce Inna takan yi maganar wani Ɗan Malam mai son waina da ƙuli. Na yi mata ta'aziyya, na sauke mata buhun shinkafa, na shiga mota na dawo da maganata a ciki.

Motoci uku na yi bayan waccan. Kowacce, idan na bi ta kwanar, sai ta ɗan riƙe, numfashi ɗaya ko biyu, kafin ta wuce. Garba, wanda bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani a kaskon ba, ya karɓi ta biyun ya bi da ita ta wurin ya fi sau goma, ba ta yi komai ba. Ya ce ƙafata ce ke ɗagawa daga totur ban sani ba. Wataƙila haka ne, na fi son in yarda da haka. Sai dai Mukhtar, ka tuna bara da ka ɗauko ni daga asibiti, ina kwance a kujerar baya, ka bi ta can don ta fi kusa? Ka ce, "Baba, ka ji abin da ta yi?" Na ce rami ne. Babu rami a wurin. Ban ce wani abu ne ba, ba ni da ilimin cewa wani abu ne. Na dai faɗa muku abin da ya faru.

Inna Delu ba mayya ba ce. Kakanku bai yi kuskuren da ya wuce na makaho mai son ɗansa ba, kuma da na faɗa masa, na tabbata da sandarsa zai lalubi hanya har gaban tandar ya ba ta haƙuri a bainar jama'a. Wanda ya sani ya yi shiru ni ne.

Na gaya wa limamin masallacinmu ina da magana bayan sallar Juma'a mai zuwa, ya amince. Asabar kuma za mu je wurin Hajara. Amina, ke za ki karanta mata wannan a gaban mai gari da duk wanda ya taru, don na san kaina, idan aka bar ni da bakina zan iya cewa ana kan bincike. Mukhtar, kai za ka tuƙa, kuma ta Ƙofar Doka za mu fita. Idan muka zo kwanar ta riƙe, kada ka taka totur. Ka bar ta ta tsaya, ka buɗe mini ƙofa.